Malam Sha'ibu, Mai Hana Sakin Hannun Riga

Idan aka idar da sallar asuba, Malam Sha'ibu ba ya komawa gida kai-tsaye. Yakan biya ta bayan makarantar firamaren unguwarmu a nan Sheme, ya buɗe wani ɗan ɗaki da aka daina amfani da shi, ya fara fito da buhuna. Guda goma sha shida ne, kowanne cike da ɓuntun shinkafa, an ɗinke bakinsa da zare mai kauri. Ɗaya bayan ɗaya yake jan su zuwa gindin dalbejiya, ya jera su, ya tattake su da ƙafa har su kwanta. Daga nan sai ya duƙa da gwiwarsa ta hagu, wadda ba ta lanƙwasuwa sosai, yana tsince tsakuwa da ƙaya. Kafin yara su iso ya gama. Shekara ashirin da uku yana wannan aiki a wurin. Yau wata huɗu ke nan rabonsa da gindin dalbejiyar, domin an kwashe buhunan, an sa wa ɗakin kwaɗo, kuma waɗanda suka yi haka suna nan suna yawo cikin gari da manyan riguna, ana durƙusa musu.

Malamin motsa jiki ne. Lokacin da yake karatun malanta a Zariya ya koyi judo, wani wasan kaye na mutanen Japan, mai kama da kokawarmu, sai dai shi da riga ake yi, a kama wuyanta da hannunta a kayar da mutum. Ba wanda ya sa shi ya koyar da shi a Sheme, ba ya cikin jadawalin makaranta. Shi ya ga dama. Da farko ƙaiƙayi ya cusa a buhunan, yara suka yi mako guda suna susa, iyaye mata suka yi ta aiko masa da saƙon da ba zai faɗu ba. Sai ya koma injin casar shinkafa da ke hanyar daji, yana ɗauko ɓuntu a bayan kekensa.

Duk yaron da aka kawo masa, kwana arba'in na farko ba ya kayar da kowa. Faɗuwa kawai yake koya: yadda zai sa haɓa a ƙirji, yadda zai bugi buhu da tafin hannu, yadda zai mirgina ta kafaɗa ya miƙe. Garin nan ya yi dariyar wannan har ya gaji. Baba Gide mahauci, da ya kawo ɗansa Shamsu saboda faɗan da ya addabi unguwa da shi, ya zo ya tsaya yana kallo wata safiya, ya riƙe ƙugu.

"Malam Sha'ibu, na kawo maka yaro ka rage mishi ƙarfi ko ka ƙara mishi, sai na tarar kana koya mishi hwaɗuwa? Wanga ai tun yana rarrafe ya ƙware."

"Ya iya hwaɗuwa," in ji Malam, "bai iya tashi lafiya ba. Tahi ka yanka akuyarka, Gide, ka bar min shi."

Amma ba faɗuwa ce babbar dokarsa ba. Babbar dokar ita ce hannun riga. A judo idan ka kayar da mutum, hannunka ɗaya yana riƙe da hannun rigarsa. Idan ka ci gaba da riƙewa, ka ɗan ja sama, sai ya sauka a gefensa, kansa ba zai bugu ba. Idan ka sake shi, ya tafi ke nan yadda ƙasa ta so. Malam yana yafe makara, yana yafe lalaci, yana yafe surutu. Sakin hannun riga ne ba ya yafewa.

Shamsu yana da shekara sha biyu lokacin da ya saki Adnan, ɗan shekara bakwai, da gangan, don abokansa su yi dariya. Adnan ya wuce buhu ya daki ƙasa, ya gurɗe a kafaɗa. Malam bai taɓa Shamsu da bulala ba. Ya kai Adnan wurin mai ɗori, ya je ya ba iyayensa haƙuri da kansa, sannan ya dawo ya yanke hukunci: Shamsu zai riƙa ɗauko Adnan daga gida kullum, ya riƙe masa jaka, ya mayar da shi. Idan kafaɗar ta warke kuma, wata guda cur ba wanda zai kayar da Shamsu sai Adnan, shi kuma ba zai kayar da kowa ba.

"Malam, ai bai iya ɗaga ni," in ji Shamsu.

"To sai ka koya mishi. Ranar da ya kayar da kai tsaf, ranar ka gama."

Daga wannan rana Malam ya kawo tsarin da yara suke kira ƙanen riga. Kowane babba yana da ƙarami guda da aka damƙa masa, maza da maza, mata da mata a nasu gefen. Idan lokacin ba da ɗamara ya yi, wato ɗan ƙyallen da ake ɗaura wa yaro a ƙugu don nuna ya ci gaba, Malam ba ya duba yawan waɗanda ka kayar. Ƙaramin yake kira gefe ya tambaya: "Ya taɓa sakin ka?" Idan yaro ya ce e, babu ɗamara sai baɗi. Akwai ƙatti da suka yi kuka a gindin dalbejiyar nan saboda amsar ɗan shekara shida.

Kai ne, Malam, ka sa ƙarfin yaro ya zama abin da ake tambayar mai rauni a kansa. Ban san wani ofishi a ƙasar nan da ake yin haka ba.

Bara da damina, dawa ta yi tsayi, wata Talata da hantsi aka ji harbi daga wajen daji, da ƙarar babura. Daga baya an gane shanu aka zo kora a wata ruga, ba a shigo gari ba. Amma a lokacin ba wanda ya san haka, kuma duk wanda ya zauna tsakanin Kankara da Sabuwa a shekarun nan ya san abin da zuciya ke faɗa idan aka ji wannan ƙara kusa da makaranta. Malam ba ya nan. Ya tafi Faskari tun safe, an kira masu shirin ritaya tantancewa. Manyan da suke makarantar ba zan kama sunansu ba. Inna Suwaibatu mai awara, da ke zaune a bakin ƙofa, ta ce kafin ta ɗora murfi a kasko ta ga bayan baburansu.

Yara sama da ɗari suka yi kan ƙofa ɗaya. A irin wannan, tun kafin bindiga ta iso, turereniya ke kashe ƙanana. Inna Suwaibatu ta ce sai ta ji muryar Shamsu, wanda a lokacin yake aji shida, yana faɗin abin da Malam ke faɗi kowace safiya: "Hannun riga! Kowa ya kama nashi!" 'Yan judo ba su wuce talatin ba, amma kowanne ya cafki ƙanen rigarsa da hannu ɗaya, ya cafki wani yaron da ɗaya hannun, waɗanda ba su san dokar ba suka ga abin da ake yi suka kwaikwaya. Hamida, babbar 'yan mata, ta tsaya a bakin gona tana ƙirga su suna shiga cikin dawa layi-layi, za su ɓulla bayan gidan dagaci. Da ta zo kan Shamsu sai ta ga hannunsa ɗaya babu kowa.

"Ina Adnan?"

Ashe Adnan ya fita bayan gida tun kafin harbin. Shamsu ya damƙa mata yaron da ke ɗaya hannunsa, ya juya ya koma wajen da ƙarar ke fitowa.

"Na ce, kai ɗan Gide, don Allah dawo," in ji Inna Suwaibatu. "Ko waiwayo ni bai yi ba. Can sai ga su a guje. Ƙaramin ya yi tuntuɓe da kunya, na ce shi ke nan ya karye. Wallahi sai na ga ya dunƙule ya mirgina ya miƙe, rigarshi na hannun Shamsu, ba su ko tsaya ba. Ni ce ma na hwaɗi, kuma ni ba wanda ya koya min."

Ba yaro ɗaya da ya ɓata, ba wanda aka tattake. Malam ya dawo da la'asar, ya bi gida-gida yana duba gwiwoyi da kafaɗu. Rahoton da aka aika sama ya ce hukumar makaranta ce ta kwashe ɗalibai cikin tsari. Ya ji an karanta, ya ce ba komai, tunda yara suna gida.

Da a nan abin ya tsaya, da rashin godiya kawai zan rubuta, kuma mun saba da shi. Amma bayan mako biyu sai Alhaji Mani, shugaban kwamitin tsaron unguwa, ya zo gindin dalbejiya ana tsakiyar horo. Ya yaba, ya sa albarka, sannan ya ja Malam gefe. Yaran suna ji, domin Alhaji Mani bai iya magana a hankali ba.

"Malam, yaranka sun nuna su maza ne. Manyan nan guda takwas muke so, irin su ɗan Gide. Za su riƙa hawa dutse suna duba mana hanya, in sun ga motsi su sanar. Ba bindiga za mu ba su ba."

"Waɗanda za su gan su a kan dutsen fa, Alhaji, su ma ba su da bindiga?"

"Gari ake karewa. Kowa da abin da zai bayar."

"Gaskiya ne. Muhammad Awwal ɗinka ma sha huɗu gare shi, kuma ya fi Shamsu ido. Da shi za mu fara?"

Malam ya ƙara da cewa, a hankali: "Ɗiyan mutane ne. Aro aka ba ni su, daga asuba zuwa ƙararrawa. Ban da ikon ba da ko ɗaya."

Cikin watan aka tura Muhammad Awwal makarantar kwana a Katsina. Ban ga laifin uba da ya ɓoye ɗansa ba. Laifin da na gani shi ne abin da ya biyo baya. Magana ta fara yawo a majalisu, ba a san bakin da ya fara ta ba, amma kowa ya san inuwar da aka zauna aka ƙulla ta. Mi ya sa ranar harbin Malam Sha'ibu ba ya gari? Mi yake zuwa yi hanyar daji da keke? Wa yake horar wa yara, tunda ya hana gari? Daga nan aka furta kalmar: infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari. A wannan yanki ba a buƙatar shaida a kan kalmar nan. Mutane sun bar gidajen da aka haife su saboda ita, wasu ba su samu damar barin ba. Waɗanda suka jefa ta kan dattijo mai shekara sittin sun san haka sarai.

Iyaye suka fara janye yara. Mutanen da Malam ya bi gidajensu yana duba gwiwoyin 'ya'yansu suka riƙa sauya hanya idan sun hango shi. A masallaci sahu ya riƙa yin faɗi a gefensa. Wata safiya ya zo ya tarar an ɓalle ɗakin, an sa sabon kwaɗo, buhunan kuma an kai su shingen bakin gari an jibge, wai kariya daga harsashi. Ɓuntun shinkafa. Abin da ɗan yaro zai soka wa tsinke ya fita ta baya. Ko buɗe ɗaya ba su yi ba su ga abin da ke ciki. Waɗannan ne suke so a ba su 'ya'yan mutane su ɗora a kan dutse.

Matarsa ta roƙe shi su koma wajen 'yan'uwanta a Funtuwa. Ya ce idan ya tafi, ya amsa ke nan, kuma duk yaron da ya taɓa ɗaura wa ɗamara zai zama yaron infoma. Sai ya je da ƙafarsa ya roƙi dagaci a zauna a yi maganar a fili.

Aka zauna ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidan dagaci. Maza sun cika tabarmi. Mu mata muna tsallaken hanya, a rumfar Inna Suwaibatu, muna ji. Malam ya miƙa takardar tantancewa mai ɗauke da kwanan wata da hatimi. Alhaji Mani ya ce shi bai zargi kowa ba, amma takarda ai ana samun ta. Dagaci ya juya takardar, ya ajiye, ya yi abin da aka saba yi idan magana ta rasa shaida.

"To, jama'a. Wa zai tsaya mishi? Wanda zai ce in an samu Malam Sha'ibu da wani abu, a haɗa da shi."

Na san fuskokin da ke kan tabarmin nan. Na san wanda 'yarsa ta fito daga cikin dawa a hannun Hamida. Na san wanda shi kansa ya yi faɗuwar kwana arba'in a kan buhunan nan kafin ya yi gemu. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa: wani carbi, wani yatsun ƙafarsa. Ni ma ina tsallaken hanya ban ce uffan ba, kuma ban yafe wa kaina ba. Malam yana tsaye shi kaɗai a tsakiya, cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya jingina nauyinsa a kan ƙafar dama. Bai kalli kowa ba, don kada ya kunyata wani.

Sai Shamsu ya fito daga bayan taron. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida dagaci, ya miƙe ya je ya kama hannun rigar Malam na hagu.

"Kai, Shamsu," in ji Baba Gide daga inda yake zaune, "koma. Maganar manya ce."

"Baba, an hana mu saki."

Adnan ya zo ya kama rigar Shamsu. Wani ya kama ta Adnan. Yaran da aka hana zuwa horo wata biyu suka riƙa fitowa daga lunguna, ba hayaniya, kowa ya san bayan wanda zai tsaya. Layin ya ratsa tsakanin tabarmi, ya tsallaka hanya, Hamida ta ja na 'yan mata ta haɗa, har ya ƙare a bakin rumfa, inda Inna Suwaibatu ta goge hannunta da zane ta kama hijabin ta ƙarshe.

Alhaji Mani ya ce yara ba sa tsayawa mutum, kuma gaskiya ya faɗa, haka al'adar take. Baba Gide ne ya yi tsaki, ya dafa gwiwa ya tashi.

"Ranka ya daɗe, yaron nan da kake gani, da can kullum sai an kawo min ƙararshi, har na fara ba da haƙuri tun kafin mutum ya yi sallama. Shekara biyu ke nan ba wanda ya zo. Yau kuma ya ƙi jin maganata a gaban jama'a, kuma ban ji haushi ba. Na tsaya wa Malam Sha'ibu. In an same shi da wani abu, a fara da ni."

Bayansa mutum uku suka tashi. Uku, a cikin fiye da hamsin. Dagaci ya ce magana ta mutu, duk wanda ya sake furta kalmar nan a kan Malam sai ya kawo shaida ko ya fuskanci hukuma. Da aka tambayi makullin ɗakin da buhunan, sai aka ce za a duba.

Har yau ana dubawa. Takardar ritayarsa ta iso bayan mako uku, masinja ya ba shi a bakin ƙofa. A bikin ƙarshen shekara na makaranta an ba Alhaji Mani lambar yabo ta tsaro, an tafa. Ba a ambaci sunan Malam ba. Buhunan suna nan a shinge, ruwa ya jiƙa su, awaki sun farke uku. Ta gabansu yake wucewa da kekensa idan zai je injin casa, kuma ban taɓa ganin ya kau da kai ba.

Domin bai daina ba. Baba Gide ya share masa filin bayan gidansa, inda yake shanya fatu. Buhu biyar gare shi yanzu, yara sha tara, ana yi layi-layi saboda wuri ba ya isa. Gwiwar ta hana shi nuna mirgina, don haka Shamsu ke nunawa, shi kuma yana zaune a kan turmi yana kallon hannaye. Na tambaye shi ko yana jin haushin garin nan. Ya ce mutane tsoro suka ji, kuma shi bai koya wa iyayen faɗuwa ba, 'ya'yan ya koya wa. Shi ya yafe. Ni ban kai nan ba tukuna.

Malam, kai ne ka tsince ƙaya shekara ashirin da uku don kada ta soki ɗan wani. Kai ne aka nemi ka ba da yara takwas ka sayi zaman lafiyarka, ka ƙi, ka ba da sunanka a madadinsu. Ba ka nan ranar harbi, kuma wannan ita ce babbar shaidar aikinka: abin da ka koyar ya yi aiki ba tare da kai ba. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya sa ka ga 'ya'yan waɗannan yara a kan buhu.

Alhaji Mani, makullin yana aljihunka, kowa ya sani. Ku kuma da kuka kalli ƙasa ranar Juma'ar nan, da ni da na yi shiru a tsallaken hanya, ba a rufe mana ƙofa ba. Kowannenmu yana da wani ƙarami da aka damƙa masa, a gida ko a aji ko a shago, kuma wata rana za a ja shi gefe a tambaye shi ko mun taɓa sakin sa. Gobe bayan asuba Malam Sha'ibu zai kasance a bayan gidan Baba Gide. Wanda zai je, kada ya je da jawabi. Ya je da ɗansa a hannu ɗaya, da buhu a ɗayan.